Maza sun tafi ci-rani, wa ke tambayar matan fadamar Rima?

Tsakanin 2014 da 2018 an gudanar da wani babban bincike mai suna DECCMA, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Southampton ta Ingila, a wuraren da manyan koguna ke rarrabuwa kafin su zuba a teku: bakin Ganges a Bangaladash da Indiya, bakin Mahanadi a Indiya, da bakin Volta a Gana. An bi gida-gida ana tambayar abin da ke raba mutane da garuruwansu. Mafi yawa suka ce neman aiki da kuɗi, 'yan kaɗan ne suka ambaci ruwa ko yanayi. A Bangaladash da Indiya kuwa maza ne suka fi fita, ɗawainiyar gida ta koma kan mata.

Sakkwato ba ta da teku, amma duk wanda ya san fadamar Rima ya san wannan labari. Tambayi matashin Wurno ko Goronyo da ke hawa mota zuwa kudu me zai kai shi, zai ce maka neman abin rufin asiri. Ba zai ce sauyin yanayi ba. Sai hira ta yi nisa za ka ji ruwa ya cinye masa shinkafa, ko damina ta ɗauke gero bai nuna ba. Ba a manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta sha garuruwan da ke ƙasan madatsar Goronyo, har ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ci-rani tsohon abu ne a ƙasar nan, a tafi bayan girbi a dawo kafin shuka. Amma wanda ya rasa amfanin gona, ga kuma 'yan bindiga a gabashin jiha, da wuya ya yi saurin dawowa.

Abin da ya fi damuna matar da aka bari a gida ce. Ita ke leƙa rumbu tana auna sauran gero da tiya. Ita ke turara shinkafa a kai kasuwa, ta sayar da akuyarta idan yaro ya kwanta ciwo, ta aika wajen mai POS a duba ko maigida ya turo wani abu. Idan abin ya ƙi, yarinya ake cirewa daga makaranta a ɗora mata talla.

Duk da haka, idan aka zo rajistar taki ko iri ko tallafin ambaliya, yawanci sunan maigida da lambar wayarsa ake nema, alhali yana Legas ko Fatakwal. Masu ɗaukar bayanai kuma, idan maza ne, iyakarsu zaure, domin gida ba shiga ne. Sai a rubuta rahoto kan halin da gida ke ciki ba a ji ta bakin mai riƙe da shi ba.

Wasu za su ce sa sunan mace rage darajar miji ne. Ban yarda ba. Musulunci ya ba mace haƙƙin gado da mallakar dukiya, kuma mijin da ke nesa ba zai ƙi taki ya isa gonarsa a kan lokaci ba.

Jami'ar Danfodiyo da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima za su iya yin irin wannan bincike a nan gida. Su ɗauki ɗalibai mata su shiga har tsakar gida su yi tambaya. Masu rabon tallafi kuma su buɗe gurbi a takardarsu na sunan wanda ke riƙe da gida a lokacin rabon, mace ce ko namiji.