Nasiha ga ɗaliban lissafi kan saitocin Borel

'Yan'uwana ɗaliban lissafi, musamman ku da kuka shiga darasin ka'idar awo bana, don Allah ku daina haddace ma'anar sigma-aljebra saboda jarrabawa kawai. Ku zauna ku fahimce ta.

Tarin saitoci ce mai sharuɗɗa uku. Layin lambobi gaba ɗayansa yana cikinta. In saiti yana ciki, abin da ya rage a wajensa ma yana ciki. In kuma aka haɗe saitocinta, muddin suna jeruwa ɗaya, biyu, uku har ba iyaka, abin da ya fito yana ciki. Ta Borel ita ce mafi ƙanƙanta da ta ƙunshi dukkan buɗaɗɗun saitoci, wato irin tazarar da ba ta haɗa da bakinta biyu ba da abin da haɗa irinsu ya bayar; saitocin da ke cikinta su ake kira na Borel, kuma sunan Émile Borel ɗan Faransa ta ci, wanda ya fito da tunanin a 1898.

Sharaɗin jeruwar nan shi ke kayar da ku. Sai ɗalibi ya ce ai ɗigo guda rufaffen saiti ne, wato abin da ya rage a wajensa buɗaɗɗe ne, don haka na Borel ne, kowane saiti kuwa tarin ɗigogi ne, ke nan kowane saiti na Borel ne. Rabin farko gaskiya, na biyun ɓata. Lambobi irin su 1/2 da 3/7 suna jeruwa, shi ya sa tarinsu ya shiga. Ɗigogin da ke tsakanin 0 da 1 kuwa ba sa jeruwa, Cantor ya tabbatar da haka tun 1874. Tazarar 0 zuwa 1 ɗin ta shiga sahun na Borel ne don buɗaɗɗiya ce. A 1905 ma Vitali ya nuna saitin da ba ya awuwa sam, balle ya zama na Borel, tunda kowane saitin Borel yana awuwa.

Kada kuma girman suna ya hana ku bin hujja layi-layi. A 1905 ɗin dai, Lebesgue da kansa, jigon ka'idar awo, ya rubuta cewa inuwar da saitin Borel ya jefa daga fili zuwa kan layi ita ma ta Borel ce. An yi sama da shekara 10 maganar tana nan, sai Suslin, matashin ɗalibin masanin lissafi Luzin a Mosko, ya karanta da idon basira ya gano kuskure ne. Aikinsa ya fito a 1917, ya buɗe wani sabon reshe a fannin.

Yau da dare ku ɗauki takarda da biro, ku rufe littafi, ku nuna cewa tazarar da ta haɗa da 0 amma ta bar 1 a waje ta Borel ce, kuna faɗin sharaɗin da kuka dogara da shi a kowane mataki.