Takardar Sanin Giyar Inabi Ba Biza Ba Ce

Tun ranar 22 ga watan Yulin 2025 Birtaniya ta ɗaga ma'aunin bizar ƙwararrun ma'aikata zuwa ayyukan da ke matakin digiri, ta kuma kai mafi ƙarancin albashin da ake nema zuwa fam 41,700 a shekara. Da wannan sauyi mafi yawan ayyukan otal da gidajen abinci suka faɗo daga jerin. Amma har gobe akwai masu ba matasanmu shawarar su je su yi kwas ɗin sanin giyar inabi, su zama abin da Faransawa ke kira somiliye, wato ma'aikacin da ke kula da giyar inabi a gidan abinci, wai ƙofa ce mai sauƙin shiga Turai. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lallashin da ake haɗawa da shi: ai ba sha za ka yi ba, ɗanɗanawa kawai ake yi a tofar.

Mai faɗin haka, ko dai bai san sana'ar ba, ko kuma yana da kamasho a kuɗin makarantar.

A duba takardun tukuna. Wadda aka fi sani ita ce ta WSET, cibiyar koyar da ilimin giya da aka kafa a Landan a 1969. Tana da mataki na ɗaya zuwa na uku, sai difloma. Mataki na biyu jarrabawa ce ta tambayoyi 50 na zaɓi a cikin sa'a guda, ana cinye ta da maki 55 cikin ɗari, kuma kwas ɗin bai wuce 'yan kwanaki a aji ba. A mataki na uku ne ake ajiye wa ɗalibi kofi biyu ba tare da ya ga kwalba ba, ya rubuta bayaninsu cikin minti 30. Duk wannan ilimin kayan ne, WSET ba ta gwada yadda mutum zai tsaya a gaban teburin baƙo. Mai son wannan sai ya nufi cibiyar jarraba somiliye da ake kira Court of Master Sommeliers, mai matakai huɗu. A mataki na ƙarshe ana ba shi giya shida, uku farare uku jajaye, ya faɗi irin inabin, ƙasar, yankin da shekarar girbi a cikin minti 25. Waɗanda suka haye wannan mataki a duk duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A 2018 ma, reshen Amurka ya soke sakamakon mutum 23 cikin 24 da suka ci, bayan an gano cewa wani daga cikin masu kula da jarrabawar ya fitar da sirrin abin da za a ɗanɗana.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ke zuwa da izinin aiki. Gajeren kwas a Birtaniya da bizar ziyara ake yin sa, wadda ke barin mutum ya yi karatu har wata shida amma ta hana shi aiki. Wa'adi na cika, sai gida. Uban da ya sayar da fili don wannan, cinikin biri a sama ya yi.

Yanzu ga maganar tofarwa. Gaskiya ne a aji akwai mazubin da ake tofarwa. Amma ɗalibi sai ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ja iska ta tsakanin haƙora don ƙamshin ya hau hanci, ya auna tsami, zaƙi, ƙarfin barasa da baurin da ke kama dasashi irin na ɗanyen goro. Kafin harshe ya iya rarrabe wannan inabi da wancan sai an maimaita haka a kan ɗaruruwan kwalabe, kuma ɗalibai ne ke haɗa kuɗi su saya, ba makaranta ba. Ko an tofar, wani abu na ratsa fatar baki, shi ya sa a ranar da aka ɗanɗana da yawa ake hana mutum tuƙa mota. Tsamin kuma yana cin haƙora, har ana gargaɗin kada a goge baki da buroshi nan take.

A wurin aiki abin ya wuce nan. Somiliye shi ke sayo kaya, ya tsara jerin farashi, ya kula da ɗakin ajiya a kan digiri 12 zuwa 14 da danshi kusan kashi 70 cikin ɗari, kwalabe a kwance don kada toshiyar ta bushe iska ta shiga. A manyan gidajen abinci yakan ɗanɗana kwalbar da ya buɗe kafin ta kai teburi, saboda wani sinadari da ake kira TCA kan lalata ta daga toshiya, ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. Daga nan shi zai zuba, shi zai rinjayi baƙo ya ƙara kwalba ta biyu, domin da cinikin da ya yi ake auna shi. Ga Musulmi, hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai ɗauka, mai zubawa, mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Duk wanda ya ce wa yaro tofarwa ta raba shi da wannan, ya cuce shi. Ɗan uwa Kirista da addininsa bai hana shi ba, shi ma lissafin biza da na kuɗi bai canza masa ba.

Kasuwar ma ja da baya take yi. Hukumar kula da inabi da giyarsa ta duniya, OIV, ta ce a 2024 duniya ta sha kusan hektolita miliyan 214 (hektolita ɗaya lita ɗari ce), mafi ƙaranci tun 1961, kuma a yankin Bodo gwamnatin Faransa biyan manoma ta yi su tuge inabi. Masu cewa ilimi ilimi ne, kowane iri a neme shi, ba su ne za su biya bashin ba.

Abin takaicin shi ne gwanintar da ake nema, wato horar da harshe da hanci su auna daraja, tana da kasuwa a kayan da ƙasarmu ke nomawa. Masu tantance kofi suna da takardar Q Grader, shirin da cibiyar ingancin kofi ta CQI ta kafa, wanda ƙungiyar masu kofi na musamman ta SCA ta karɓi gudanar da shi a 2025. A teburin gwaji ana auna giram 8.25 na niƙaƙƙen kofi ga mililita 150 na ruwa mai zafin kusan digiri 93, kofuna biyar ga kowane samfuri, a bar shi minti huɗu, a fasa kumfar sama da cokali a shaƙa, sannan a zuƙa da ƙarfi. Dalilin kofuna biyar shi ne ƙwaya ɗaya da ta ruɓe kan ɓata kofi ɗaya ta bar sauran, mai gwada ɗaya tak ba zai kama ta ba. Kofin da ya kai maki 80 cikin ɗari shi ke shiga ajin na musamman, farashinsa ya rabu da na gama-gari. Shayi ma yana da ƙa'idarsa ta ISO 3103: giram 2 na ganye ga mililita 100 na tafasasshen ruwa, minti shida. Da irin wannan gwaji ake yanke farashi a gwanjon shayi na Mombasa.

Muna da kofi da shayi a tsaunin Mambilla na jihar Taraba, har da gonar shayi ta Kakara. Muna da citta a Kachia, da zoɓo da riɗi da ake lodawa zuwa waje daga Kano da Jigawa. Sau da yawa mai saye ne ke faɗin darajar kayan, manomi ya karɓi abin da aka ba shi, domin ba shi da wanda zai ɗanɗana ya yi gardama da hujja. Wannan rashi namu ne, kuma muna kallo ana karkatar da yara masu kaifin hanci zuwa sana'ar da ba za su iya dawowa da ita Kano ko Zariya ba.

Gwamnatocin jihohi da ke biyan kuɗin karatu a waje su ware 'yan gurabe don tantance kofi, shayi da kayan ƙamshi a Habasha ko Kenya. Iyaye kuma, kafin su biya ko sisi, su sa dillali ya rubuta musu a takarda wace biza kwas ɗin ke bayarwa, ta wata nawa ce, kuma ko ta yarda a yi aiki.