Ranar da Na Kai Surukina Kallon Mashayi

Surukina ya zo mana suna a Los Angeles, ya yi sati biyu a falo daga jan carbi sai leƙen taga, har maiɗakina ta ce in fita da shi ya sha iska. Baba mutum ne da ya yi shekara 32 yana aikin gidan waya tun ana ce masa P&T. Ba ya dogon zance, ni kuma tun da na auri 'yarsa idona bai taɓa wuce takalminsa ba.

Sai ga talla a intanet: wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a kan rayuwar Charles Bukowski, marubucin da ya yi sama da shekara 10 yana tantance wasiƙu a gidan wayar garin nan. Ma'aikacin gidan waya, kuma marubuci! Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ban karanta layi na biyu ba, na sayi tikiti biyu a sahun gaba don Baba ya gani da kyau.

Layi na biyun nan shi ne zai gaya mini cewa duk Amurka in ana lissafin marubuta mashaya, da wannan bawan Allah ake buɗe taro.

Baba ya sha farar babbar riga da zanna bukar, ya fesa turare. Ɗakin wasan ƙarami ne, in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa dandamali. Aka ɗaga labule. Ga ƙato kwance a ƙasa daga shi sai singileti da gajeren wando, ga 'yan mata shida sun yi shigar kwalabe, har da murfi a ka, suna zagaye shi da rawa.

Baba ya karkato. "Malam, me ya same shi?"

"Ba shi da lafiya ne, Baba."

"Allah ya ba shi lafiya."

Na ce amin, gumi na bin bayana duk da sanyin na'ura.

Daga nan na naɗa kaina tafinta, ba wanda ya roƙe ni. Aka rera waƙar yarinta, yadda aka haife shi a Jamus a 1920, aka kawo shi Amurka yana ƙarami, ubansa yana jibgarsa da fatar wasa aska. Wannan na fassara daidai, Baba ya gyaɗa kai. Matsalar ta fara ne da aka shiga mashaya. Na ce maganin tari yake sha. Aka kai shi asibiti gyambon ciki ya fashe masa, likita yana waƙa yana hana shi kwalba, na ce likitan ya ce ya rage maganin ne. Aka koma filin sukuwa yana zuba albashinsa a caca, na ce ai mutumin mai son dawaki ne, da a Katsina yake da ba ya fashin hawan sallah. Mata kuwa, wannan ta fita waccan ta shigo, wata ta jefe shi da takalmi. Na ce 'yan'uwansa ne.

"Dangin nasa da yawa," in ji Baba. "Kuma duk mata."

Wuri ɗaya na samu na numfasa, inda mai buga littattafai ya yi masa alkawarin dala 100 duk wata muddin ransa, in zai bar gidan waya ya zauna ya yi rubutu. Yana da shekara 49 ya yarda. Baba ya ce, "Ya bar fansho?" Na ce ya bari. Ya girgiza kai, wannan ya fi rawar kwalaben ɓata masa rai.

Ana cikin haka ɗan wasan ya sauko daga dandamali yana tangaɗi, fitila tana bin sa. Na yi ta addu'a a zuci ya wuce. Ina! Farar riga a cikin duhu ai ba ta ɓuya. Ya zo ya zube a gaban Baba, ya dafa gwiwarsa, ya miƙa masa kwalba. Ɗakin ya yi tsit. Ni dai na riga na fara tsara yadda zan yi wa dangin matata bayani a waya.

Baba ya karɓa da hannun dama, ya buɗe, ya shinshina. Sannan cikin wani Turanci tsaf, irin na masu karanta labarai a BBC, ya ce wa mutumin wannan shayi ne, kuma ya huce. Ya ƙara da cewa ɗazu da yake tantance wasiƙu ya riƙe su a kife, da a ofishinsa ne da ya sha takardar gargaɗi.

Ɗakin ya kece da dariya, har mai piyano ya kifa kai. Ɗan wasan ya miƙe tsaye sarai, maye ya sake shi, ya sara wa Baba.

Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta dawo daga inda ta tafi kiwo. Mutumin da ya yi shekara 32 yana karanta adireshi da rubuta rahoto, shi na zauna ina yi wa fassara awa ɗaya da rabi. Kowace waƙa ya ji ta sau biyu, ta gaskiya da tawa.

A mota ba wanda ya ce uffan. Da muka isa gida maiɗakina ta tambayi yadda aka yi. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Mijinki ya iya tafinta. Mutumin ya rasu a 1994 yana da shekara 73, bai rabu da tari ba."

Washegari muna karin kumallo kunu ya sarƙe ni, na yi tari sau biyu. Baba bai ko ɗago kai daga kofinsa ba, ya ce wa 'yarsa, "Ɓoye kwalaben gidan nan."