Ma'aikatar Ayyuka ta Layinmu

A-kori-kurar da na sayo ta Kwatano irin manyan nan ce na Amurka, ajin su F-250 da Ram 2500, mai shan dizal, wadda in ta tsaya a danja sai mai Keke Napep ya ɗaga kai sama kafin ya samu wanda zai zaga. Don jigilar siminti da bulo na saye ta, sana'ata ke nan a Rigasa. Sai dai tun ranar da ta iso wani abu ya tsone mini ido: ƙarafa biyu masu kauri a ƙarƙashin bambar gaba, an ɗaure su da shasi, ga wata waya tana lilo ba a san inda ta nufa ba. Bakanikena ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito yana kakkaɓe tsatsa daga kansa, ya ce motar sojoji ce, wurin ɗora bindiga ne. Yaronsa ya ce a'a, na jan jirgin ruwa ne.

Na ɗauki hoto na tura wa ƙanina da ke Buffalo a jihar New York. Garin nasu yana bakin tafkin Erie, kuma a Nuwamban 2014 akwai unguwannin da dusar ƙanƙara ta kai kusan ƙafa 7 a cikin 'yan kwanaki. Shi da sanyi ya shigo ba ya barcin dare, share filayen ajiye motoci yake yi ana biyansa. Yana ganin hoton ya kira, dariya ta hana shi sallama.

"Yaya, abokiyar aikina ka saya. Mazaunin allon ture ƙanƙara ne wannan. Tsatsar nan kuma gishirin da ake zuba wa titi ne ya ci ta."

Ya juya kyamara ya nuna mini tasa. Wani jibgegen allon ƙarfe a gaban mota, yana danna ɗan maɓalli yana tashi, yana sauka, yana karkata dama da hagu. Ina kallo, sai layinmu ya faɗo mini a rai. Duk damina ruwa yakan kwaso yashi da leda daga sama ya jibge mana a bakin kwalbati, kuma duk Asabar mai unguwa sai ya tara mu aikin gayya da shebur da baro, ni da tumbina. Na ce wa ƙanina ya zaɓo mini allo.

Ya yi shiru. Sannan, da yake shi mutum ne mai son a ce ya sani, ya buɗe mini aji. Wai kafin a yi maganar allo sai na buɗe ƙofar direba na karanta wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙi, a nan aka rubuta iyakar nauyin da ƙafar gaba za ta ɗauka. Wai injin dizal ya fi na fetur nauyi, ya riga ya cinye kaso mai yawa, don haka babbar mota ba ita ce lasisin ɗaura babban allo ba. Miƙaƙƙen allo na ƙarfe mai ƙafa 8 yakan haura kilo 300, mai fukafukai biyu da ke buɗewa kamar harafin V kuwa yakan kai 400. Faɗi ma da lissafinsa: in aka karkata allo faɗinsa yana raguwa, mai ƙafa 8 ya koma wajen 7, kuma dole ya rufe sawun tayoyi, in ba haka ba kana sharewa kana take abin da ka share. Ya lissafo kamfanonin allo, Western da Fisher da Boss da Meyer, ya ce akwai na ƙarfe, akwai na roba mai tauri wanda ƙanƙara ba ta manne masa, akwai wanda ba ya tsatsa. Ya yi maganar batir, domin famfon da ke ɗaga allon wuta yake ja sosai. Ya yi maganar wasu sifirin. Ya yi maganar lagireto.

Ni dai tun daga harafin V hankalina ya tsaya. Na ce shi nake so, mai ƙafa 9 da rabi. Ya faɗi kuɗin sabo, sama da dala 5,000, ban da jirgi, ban da kwastan. Na buga a naira, na kashe waya na sha ruwa.

Wanda yake Kaduna kuwa ba ya rasa mafita muddin Panteka tana nan. Na kai wa wani mai walda hoton. Ko gilashinsa bai cire ba ya ce, "Alhaji, ko jirgin sama ne, kawo hoto kawai." V ɗin ya ce ɓata ƙarfe ne, miƙaƙƙe zai yi mini amma ya fi na Turawa. Ya samo farantin tsohuwar tanka, ya lanƙwasa, ya jera masa haƙarƙari ta baya. Maimakon famfo ya sa sarƙa da abin murzawa na hannu. Da na tuna masa ƙanina ya ce a sa sifirin, sai ya ajiye walda ya dube ni. "Sifirin na me? Abin da ake so ya yi ƙarfi shi za a sa wa abin lanƙwashewa?" Magana ta gaskiya, hujjarsa ta fi ta ƙanina shiga kunne. Aka shafa fenti kore da fari, aka rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a tsakiya. Ƙarti shida suka ɗaga shi suna salati, motar ta durƙusa ta gaba har na ji tausayinta.

Daga Panteka zuwa Rigasa ba wata tafiya ba ce, amma ranar na san tsawonta. Bayan motar ya yi sakayau, ko ɗan rami na taka sai ya yi rawa. Sitiyari ya yi tauri. Allon da na murza sama ya tsaya daidai hancin motar ya tare iska, allurar zafi ta fara hawa a hankali cikin ladabi. A Buffalo iskar da ke shiga lagireto ta fi ƙanƙarar firiji sanyi, nan kuwa rana ce ta bayan la'asar a watan Yuni. Na tsaya na sayi ruwan leda na wani abin kirki. Magariba ta yi, na kunna fitila, sai ta haske mini bayan allon tas, har ina iya ƙirga ɗigon walda, titi kuwa duhu. A wani shinge jami'i ya zagaya motar da tocila, ya dawo ya ce in ba shi takardun katafila.

Da na kai ƙara wurin ƙanina ya ce ai ya faɗa, ana ɗora nauyi a can baya, bayan tayoyin baya, don mota ta daidaita. Wannan kam ba matsala ga mai sayar da siminti. Na sa yara suka jera buhu 6, kilo 300 cif. Da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe nauyin ya zama na dindindin.

Uwargida ta leƙo ta ga buhunan, ta ce, "Baban yara, wannan a lissafin shago za a sa shi ko a na sadaka?" Ban tanka ba, ranar Asabar ce, jama'a suna jira.

Ban taɓa ganin layinmu ya cika haka ba ko ranar suna. Mai unguwa ya sa babbar riga. Matasa suka jingine shebur suna ɗaukar bidiyo, yara suna ihun "Katafila! Katafila!" Na sauke allon, na sa giyar ƙarfi, na taka. Yashi ya taru, ya yi tudu, ya fara gangarewa gefe yadda na gani a waya. Aka yi tafi. Gefen da ya gangara ɗin ƙofar gidan maƙwabcina ce, wanda a lokacin yana ciki yana karyawa, amma wannan sai daga baya aka lura, da aka ji ana bugun ƙofa daga ciki.

Na ja baya na sake ɗaukar hanya, wannan karon da ɗan gudu, domin tarin gaban kwalbati ya fi girma. Mai unguwa yana gefe yana yi mini alama da hannu. Har yau ina nan a kan cewa alamar "taho" ya yi. Shi ya ce "tsaya" ce.

A ƙarƙashin yashin akwai gefen murfin kwalbati, kankare mai kauri. Allon Turawa in ya ci karo da irin wannan, sifirin ɗin nan ne ke barinsa ya kife gaba, ko leɓensa na ƙasa ya lanƙwashe baya, ya tsallake ya koma daidai, mota da direba su wuce lafiya. Nawa an yi shi don ya yi ƙarfi, kuma ya yi. Motar ta tsaya cak, ni ban tsaya ba. Hulata ta fita ta taga, goshina ya gaisa da sitiyari, hon ya ɗauka. Murfin ya miƙe tsaye, ya fizgo bututun da ke kawo ruwan burtsatsen masallaci, ruwa ya yi tsiri sama ya sauka a kan babbar rigar mai unguwa. Yaran ba su daina ihun katafila ba.

Gayyar da aka saba gamawa da hantsi ranar sai bayan azahar, kuma an ba ni shebur mafi girma. Aka fara da tono maƙwabcina.

Da dare ƙanina ya kira, ya riga ya ga bidiyon, wani ya tura masa kafin ni. Ya ce sabuwar dusar ƙanƙara cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ba ta cika wuce kilo 100 zuwa 200 ba, jiƙaƙƙen yashi kuwa ya kusa 2,000. Na ce to me ya hana shi faɗin haka tun farko, ya tsaya yana lissafa mini sunayen kamfanoni? Ya ce ya faɗa. Ni ban ji ba, kuma tsakanin wa da ƙani an san maganar wa ake ɗauka.

Kuɗin kwalbati da bututu an raba, ni rabi, sauran layi rabi, bayan na ce "ranka ya daɗe" fiye da yadda na taɓa faɗa a rayuwata. Allon yana jingine a bayan shago, mai waldan ya ce zai karɓa a kan kilo.

Kafin mu yi sallama ƙanina ya kuskure ya juya kyamara bayan motarsa, na hango wani mazubi mai faifai a ƙasa. Na tambaya. Ya ce na watsa gishiri a titi ne, faifan yana juyawa yana warwatsa shi ko'ina daidai wa daida.

"Yana watsa takin zamani?" na ce, don ina da 'yar gonar masara ta wajen Buruku.

"Yaya, sai da safe."

"Turo hoton dai."