Ikon da ake nunawa a fim ba mazantaka ba ne

A Garwa, Marwa da Ngaundare, finafinan batsa sun daina zama abin da ake nema a ɓoye wurin mai tura fim a bakin kasuwa, domin ɗan kuɗin data na MTN ko Orange ya ishi yaro ya kwana yana kallo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nau'in da ake ɗaure mutum a cikinsa, a shaƙe shi, a wulaƙanta shi, sannan samari su zauna a majalisa suna musu kan wane ɗan wasa ya fi iko, kamar yadda suke musu kan 'yan ƙwallon Coton Sport.

Wannan musu ba shi da tushe. Maigida mai tsawa da uwargijiya mai bulala duk rawa ce da aka tsara musu. A kamfanonin da ke bin ƙa'ida, ana sa hannu kan yarjejeniya tun kafin a kunna kyamara, ana ajiye kalmar da idan aka furta ta dole a tsaya, ana kuma yanke duk wurin da aka dakata, ta yadda mai kallo ba ya ganin komai sai ƙarfi tsagwaronsa. Kuma ba kowa ke bin ƙa'idar ba: a Disambar 2020 shafin batsa na Pornhub ya goge miliyoyin bidiyo bayan rahoton jaridar New York Times kan waɗanda aka ɗauka ba da yardarsu ba, har kamfanonin katin biyan kuɗi na Visa da Mastercard suka janye hulɗa da shi.

Shaƙe wuya kuwa yana iya kashe mutum cikin 'yan mintuna, shi ya sa Ingila ta mayar da shi laifi mai zaman kansa a wata doka ta 2021. A nan Kamaru, kundin hukunta laifuka na 2016 ya hana mai fyaɗe tsira ta hanyar auren wadda ya zalunta, amma amaryar da angonta ya gwada mata abin da ya gani a waya ba kotu za ta nufa ba. Wurin goggonta za ta je, ta kasa faɗin abin da baki, a ce mata: "Ki yi haƙuri, 'yata, aure ya gaji haka."

Aure bai gaji haka ba. Alƙur'ani ya umarci maza su zauna da matansu da alheri, saboda haka kawun da ke yi wa ango nasiha da limamin da ke ɗaura aure ya kamata su ajiye kunya, su faɗa wa yaron ƙarara cewa duk abin da matarsa ba ta yarda da shi ba zalunci ne.