Wanda ba ya barin a musa masa a rediyo maroƙi ne

Abin da mai gabatar da shirin rediyon nan ya yi wa dattijon da ya kira daga unguwar Talladje ta Yamai daren jiya rashin mutunci ne, kuma duk wanda yake yaɗa muryar a WhatsApp yana dariya ya shiga cikin laifin. Bawan Allah ya sa kuɗinsa a salula, ya jira layi, ya yi sallama, ya tambayi dalilin da ya sa buhun shinkafa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, sai aka katse shi kafin ya kai aya, aka kira shi ɗan koren Turawa, sannan aka buɗe layi ga mutum huɗu a jere waɗanda aikinsu kawai su ce "gaskiya ne, ranka ya daɗe". To madalla, an ceci ƙasa daga sharrin tsoho mai tambayar farashin shinkafa.

Tun safe nake karanta masu kare shi, kuma hujjarsu ɗaya ce: wai ƴancin faɗin albarkacin baki ne, wai ko a Amurka haka manyan masu shirye-shirye suke yi. Lallai haka suke yi, kuma shi ya sa ya kamata mu ji tsoro, domin da alama masu kawo wannan misali ba su bi labarin har ƙarshensa ba.

Daga 1949 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana da ƙa'idar da ta wajabta wa duk gidan rediyo ko talabijin mai lasisi ya tattauna batutuwan da jama'a suke saɓani a kansu, kuma ya ba ɓangarori dabam-dabam dama. A 1987, zamanin shugaba Ronald Reagan, hukumar ta soke ƙa'idar, kuma Reagan ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar da majalisa ta yi don tabbatar da ita. Shekara ɗaya bayan haka, a 1988, shirin rediyon Rush Limbaugh, mai ra'ayin riƙau, ya fara fita a faɗin ƙasar: awa uku a rana, Litinin zuwa Juma'a, mutum ɗaya yana magana, akwai mai tace kiran waya kafin a sada kowa da shi, har shirin ya kai tashoshi kusan 600. A zaɓen 1994 jam'iyyar Republican ta ƙwace majalisar wakilai bayan shekara 40 ba ta riƙe ta ba, kuma sababbin ƴan majalisar da kansu suka naɗa Limbaugh ɗan ajinsu na girmamawa, saboda sun san wanda ya kawo musu ƙuri'a. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a ƙasar, har kamfanin Clear Channel ya tara kusan 1,200, kuma a shekarar ce attajiri Rupert Murdoch ya buɗe tashar talabijin ta Fox News.

Wurin da nake so masu kare ɗan'uwanmu su tsaya su yi tunani shi ne abin da ya biyo baya. Ƴan siyasar masu ra'ayin riƙau sun ɗauka sun samu maroƙi, wanda zai wasa su da safe ya zagi abokin hamayya da yamma, kuma kowane Bahaushe ya san cewa ranar da maroƙi ya fi ubangidansa jama'a, ubangidan ne zai koma yana lallashinsa don kada a yi masa zambo. A 2009 shugaban jam'iyyar Republican na ƙasa, Michael Steele, ya ce Limbaugh mai nishaɗantarwa ne kawai kuma kalamansa na tunzura mutane ne; cikin ƴan kwanaki sai ga shi yana neman afuwa. Shugaban jam'iyya sukutum yana ba mai shirin rediyo haƙuri, mutumin da ko kansila ba a taɓa zaɓensa ba! A 2020 Donald Trump ya ba Limbaugh lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a ƙasar, shekara ɗaya kafin mutuwarsa.

Shi kansa mai makirufon bai tsira ba, domin masu sauraron da ya saba wa jin abu ɗaya su ne suke komawa su mallake shi. Bayan zaɓen 2020, da Fox News ta riga kowa sanar da cewa Joe Biden ya ci jihar Arizona, masu kallonta suka fusata suka fara komawa wata tasha mai suna Newsmax. Takardun da suka fito a ƙarar da kamfanin na'urorin zaɓe Dominion ya shigar a kan Fox News sun nuna cewa wasu manyan masu gabatar da shirye-shiryen tashar ba su yarda da labarin cewa an yi wa Trump maguɗi a zaɓen ba a saƙonninsu na sirri, amma aka ci gaba da ba labarin fili don kada jama'a su gudu. A watan Afrilun 2023 tashar ta amince ta biya dalar Amurka miliyan 787.5 don a kashe maganar. Wannan ce makarantar da ake so gidajen rediyon Yamai su yi karatu a cikinta.

Za a ce ai masu sassaucin ra'ayi ma suna da tashoshinsu. Suna da su, kuma ban ga yadda rashin kunyar wani take wanke ta wani ba. Za a ce mu a Nijar yanzu ko jam'iyyu ba mu da su tun da aka rusa su a 2025, to wane ɓangaranci ake magana? Ɓangaranci ba ya bukatar katin jam'iyya. Ya isa a raba mutane gida biyu, ƴan kishin ƙasa da maƙiyan ƙasa, kuma a ba mutum ɗaya mai makirufo ikon faɗin wanda yake cikin wane gida. Za a ce wanda bai so ya murɗa tasha. Wannan magana ce ta mai intanet da talabijin a falo. Ɗan kabu-kabu, da mai shayi, da matar da take daka a ƙauyukan Tawa, da samarin fada, rediyo ce jaridarsu, kuma abin da suka ji da dare shi za su maimaita da safe a matsayin gaskiyar da ba ta da ja.

Da zuciya ɗaya nake faɗin wannan: ba na neman a rufe kowace tasha, domin mun ga rufe-rufe ya isa, kuma gidajen rediyo masu zaman kansu da muka samu bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 da guminmu muka same su. Ina neman abu ɗaya ne, wanda ba ya bukatar doka: mai shiri ya bar wanda ya saɓa masa ya gama jimlarsa, sannan ya ba shi amsa da hujja idan yana da ita. Idan ba zai iya ba, ya daina kiran kansa ɗan jarida, ya ɗauki sunan sana'ar da yake yi.

Sannan masu gidajen rediyon su duba yadda suke biyan yaransu. Na san matasa masu hazaƙa da suke yin watanni ba albashi, suna rayuwa da kuɗin mai da ake miƙa musu a ambulan bayan taron manema labarai, kuma a gidan da suke aiki ana sayar da awa guda ga duk mai kuɗi, daga ɗan siyasa har mai maganin basir da yake rantsuwa cewa ƙullinsa ɗaya yana warkar da ciwon suga da hawan jini.