Yadda na sa Kawu ya rangaɗa guɗa

Duk sharrin Injiniya ne, ku da kuka san shi ba sai na ɓata bakina ba. Tun da aka daina sabunta Windows 10 a Oktoban 2025 ya sako ni gaba, wai laftof ɗina ba za ta ɗauki Windows 11 ba don ba ta da wani abu wai shi TPM, in kawo ya saka min Linux a madadin Windows, kyauta ne, ba nauyi, har da guntun wa'azi cewa amfani da manhajar sata cin haƙƙi ne. Na kai, ya goge komai ya saka. Ba a jima ba bikin ƙanwata ya taso, ni kuma da bakin nan nawa na ce kar a ɓata kuɗi wajen masu kyamara, a bar min harkar bidiyo.

Tun daga baƙin allon nan da suke ce wa taminal aka fara. Ya ce in rubuta sudo kaza kaza, ya tambaye ni fasuwod, ina dannawa ba abin da ke fitowa, ko ɗigo ko tauraro. Har Beirut Road na ɗauki laftof na kai wai kibod ya mutu, yaron shagon ya kalle ni ya ce Yaya ai haka yake, ɓoyewa yake yi, ka danna enta kawai. Bai karɓi ko sisi ba, amma kallon da ya min gara ya karɓa.

Waccan babbar manhajar haɗa bidiyo da 'yan fim ke yabo ko buɗewa ta ƙi yi a kan kwamfutata, kuma Injiniya ya ce ko ta buɗe, ta kyautar ba ta karanta MP4 ɗin waya a Linux sai an juya shi da wata manhaja wai ffmpeg, fayil ya kumbura ya cinye wurin ajiyar kwamfutar. Sai muka koma wata manhajar wai Kdenlive. Ram ɗina gig 4 ne, in na danna fule sai amarya ta yi taku ɗaya ta ƙame, fanka na ihu, cinyata na gasuwa. Da na zuba bidiyon kai amarya wani rubutu ya fito yana cewa wannan fayil gudun firem ɗinsa ba tsayayye ba ne, ko in bari a juya shi tukuna. Na ɗauki hoton allon na tura wa Injiniya. Amsarsa tana nan a WhatsApp ban goge ba, kuma ba zan goge ba: "share kawai, iyayi ne."

Renda kuwa, wato fitar da bidiyon da aka gama haɗawa, sai da aka ɗauke wuta a tsakiyarsa, batirin nan dama sunan batiri ne, na sake daga farko da janaretan maƙwabci. Da ya gama na kalli farkon, wajen ƙunshi da kamu, komai ras, na zuba a filash.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a falon Baba. Su Umma, su Gwaggo, yayyena da mazajensu, har da mutum biyu daga dangin ango da suka kawo gaisuwa aka ce su zauna su gani. Da Kawu. Kawu fa, wanda kuka sani, wanda ya sha faɗa a gidan nan cewa shi ba ya son guɗa, ba tarbiyya ba ce mace ta riƙa tsala ihu a gaban maza. Ya zauna a kujerar tsakiya da carbinsa, ni kuma ina tsaye gefen talabijin da rimot a hannu ina ta bayani, nan na yanke, nan na sa rubutu, har Umma tana cewa Allah ya yi albarka.

Abin da ban sani ba a lokacin, waya ba ta ɗaukar hoto da gudu ɗaya. In da haske tana yin firem 30 a sakan, in ta shiga duhu sai ta rage, shi kuwa sauti tafiyarsa yake bai san ana yi ba. Ni kuma daren kai amarya tun daga tsakar gida na kunna ban tsayar ba har cikin falon Kawu mai ƙwai ɗaya. To a hankali hoto ya riƙa tsere wa sauti. Da farko kaɗan ne, sai ka ga an tafa sannan ka ji tafin, na yi shiru na ce ƙila ba wanda ya lura.

Sai ga wajen nasiha. A zahiri abin da ya faru, an shigo da amarya, Gwaggo ta saki guɗarta a bakin ƙofa, aka zauna, sannan Kawu ya fara magana. A talabijin kuwa ga Kawu ya cika allo, don har zum na yi masa saboda girmamawa, ya gyara hula, ya shafa gemu, ya ɗaga yatsa sama, ya buɗe baki zai yi bisimilla.

Ayyururui!

Doguwa. Kun san guɗar Gwaggo ba ta ƙarewa da wuri, tana da hawa tana da sauka, kuma wallahi bakin Kawu bai rufe ba har ta kai ƙarshe, har girgiza kan da yake yi ya zo daidai da inda take karkarwa. Falo ya yi tsit. Na danna fos don in ceci lamarin, hoton ya tsaya a kan Kawu baki buɗe yatsa a sama. Na sake danna fule, ragowar guɗar ta ƙarasa fitowa. Sai kyamara ta juya kan amarya tana lulluɓe tana kuka, daga cikin mayafin sai ga murya kakkaura tana cewa aure haƙuri ne, yi na yi bari na bari. Ɗaya daga cikin dangin ango ya sunkuyar da kai kafaɗarsa na rawa. Gwaggo ta ce la ilaha illallahu, Malam ashe ka iya.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba mijin Yaya ne. Mutumin nan zoɓo yake sha, ya ƙware, ya faɗo daga kujera yana dukan kafet yana cewa a mayar baya don Allah a mayar baya. Mutumin da tun azumi nake binsa kuɗin taya, in na kira sai ya ce yana kan hanyar Zariya, kullum yana kan hanyar Zariya kamar direban haya, amma ranar ya samu lokacin tashi ya ƙwace rimot daga hannuna ya mayar har sau uku. Kuma ya ɗauka a wayarsa. Da na ce ya goge sai ya ce ai tarihi ne. A bikin nan ko kujera ɗaya bai ɗauka ba, cin naman kaza kawai ya zo yi, a bidiyon ma duk inda ya fito da faranti a hannunsa, kuma ni na rufa masa asiri na yanke wajen da yake zuba na biyu a leda. Asalin fayil ɗin yana nan dai.

Kawu bai ce komai ba. Ya miƙe ya sa takalmi, a bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Baba, wannan ne wanda aka ce ya karanta kwamfuta? Ni ko kwamfuta ban karanta ba, Akanta na karanta, amma ba lokacin gyara ba ne.

Da dare na kira Injiniya, ya gama dariyarsa sannan ya ce ai da na juya fayil ɗin zuwa tsayayyen firem tun farko, kuma akwai wani abu furoksi da ke hana ƙamewa, ya ɗauka na sani. Na karanto masa saƙonsa. Ya ce to ko in kawo ya saka min Fedora, wani Linux ɗin daban. Auta kuwa ya karɓi bidiyoyin ya haɗa a CapCut a wayarsa kafin a kira isha'i, har da furanni na zubowa, shi ake ta turawa a gurup ɗin gida. Nawa kuma sakan goma sha wani abu ne kawai ke yawo, kun san ko wanne, wasunku ma kun turo min.